Ɗibar ruwan baya ba ta busar da ƙwaƙwalwa

A Maradi, idan sanƙarau ya ɓulla a lokacin hazo da zafi, akan samu iyaye suna hana likita ɗibar ruwan bayan ɗansu, wato ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka wanda ake ɗiba da allura don gwaji, don sun yi imani cewa ruwan ƙayyadadde ne, in aka rage shi ƙwaƙwalwa za ta bushe ko ƙafafu su shanye. Wannan tsoro ba shi da tushe, kuma yana jawo jinkiri mai haɗari.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai ramuka 4 masu haɗe da juna. Manya biyu, ɗaya a kowane ɓangare, suna zubawa cikin na uku da ke tsakiya, daga nan ruwan ya bi wata siririyar hanya zuwa na huɗu, sannan ya fita ya kewaye ƙwaƙwalwa da laka har ya koma cikin jini. Wasu tarin ƙananan jijiyoyin jini da ke cikin ramukan ne ke tace shi dare da rana. Baligi yana ɗauke da kimanin mililita 150, amma jikinsa yana samar da kusan 500 a kowace rana, don haka ɗan abin da ake ɗiba don gwaji jiki kan mayar da shi cikin ƴan awoyi.

Allurar kuwa a ƙugu ake shigar da ita, ƙasa da inda laka ta ƙare. Ciwon kai na iya biyo baya na ɗan lokaci. Amma kurumta ko shanyewar jiki da ake gani bayan jinya, sanƙarau ne ke haddasa su, musamman idan magani ya makara.