Niki Savva

Niki Savva 'yar jarida ce kuma marubuciya a harkar siyasar Ostireliya, wadda ta yi shekaru tara tana aiki a cikin gwamnatin Firaminista John Howard na jam'iyyar Liberal kafin ta koma rubutun sharhi. Bagirkiya ce ta tsibirin Saifurus. An haife ta a ƙauyen Choli da ke yankin Paphos, mahaifinta ya riga su tafiya Melbourne neman abinci, daga baya ita da mahaifiyarta da ɗan'uwanta suka bi shi tun tana ƙarama, a shekarun 1950 da Girkawa suka yi ta kwarara zuwa birnin.

Aikin jarida

Ta fara ne a wata ƙaramar jarida a Dandenong, bayan garin Melbourne, sannan ta shiga The Australian. Daga nan aka tura ta Canberra, cikin ayarin 'yan jaridar da ke da ofisoshi a ginin majalisar tarayya, a zamanin da mata ba su da yawa a wurin. Ta yi wa Herald Sun da The Age aiki, ta kuma yi wakilci a Washington. A ƙuruciyarta hankalinta ya fi kwanciya da jam'iyyar Labor, shi ya sa mutane da dama suka yi mamakin inda ta dosa daga baya.

A cikin gwamnati

A ƙarshen shekarun 1990 ta zama sakatariyar yaɗa labarai ta Peter Costello na jam'iyyar Liberal, ministan baitulmali daga 1996 zuwa 2007. Shekara shida ta yi da shi. A tsakanin nan ne gwamnati ta ci zaɓen 1998 da alkawarin sabon haraji, sannan harajin kayayyaki da ayyuka na kashi 10 cikin 100 ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 2000. Sayar wa jama'a haraji ba ƙaramin aiki ba ne, kuma kaso mai yawa na wannan tallan ta ofishin Costello ya bi.

Ranar kasafin kuɗi ce ke nuna nauyin kujerar. A al'adar Ostireliya, galibi ran wata Talata a watan Mayu, ana kulle 'yan jarida a ɗakuna tun da rana, a karɓe wayoyinsu, a ba su takardun kasafin su yi ta nazari har ƙarfe 7:30 na dare da minista zai miƙe a majalisa. Kafin ranar, ofishin minista kan tsakuro wasu labarai ya ba jaridun da ya zaɓa don a share fage. Nan ake yawan samun matsala: wanda aka ba ya ji daɗi na kwana ɗaya, waɗanda aka hana su riƙe abin a zuci. Idan kuma sakatare ya faɗi adadin da takardu suka ƙaryata, ba shi kaɗai zai kwana a ciki ba, har maigidansa.

Akwai kuma takun-saƙar cikin gida. Costello ya daɗe yana jiran Howard ya sauka ya bar masa kujerar firaminista, abin da bai taɓa faruwa ba. Duk da haka Savva ta koma sashen tsara manufofi na majalisar ministoci a ƙarƙashin Howard, ta yi shekara uku, har gwamnatin ta faɗi a zaɓen Nuwamban 2007.

Littattafai da sharhi

A 2010 ta fitar da tarihin rayuwarta, So Greek, inda ta yi bayanin gidansu na baƙin haure da kuma yadda 'yan jarida da 'yan siyasa ke amfani da juna. Ba ta wanke kanta ba. Ta ce lokacin da take 'yar jarida ta sha yin ƙarya, yawanci don ɓoye majiyarta.

Littattafan da suka biyo baya sun fi karkata ga abu guda: yadda jam'iyya mai mulki ke tsige shugabanta. A jam'iyyar Liberal, 'yan majalisar jam'iyyar ne ke zaɓen shugaba a ɗaki, don haka ana iya sauya firaminista ba tare da an je rumfar zaɓe ba. The Road to Ruin na 2016 ya bi diddigin faɗuwar Firaminista Tony Abbott, wanda Malcolm Turnbull ya kayar da ƙuri'a 54 da 44 a Satumban 2015, ya kuma ɗora laifi mai yawa a kan irin ƙarfin da shugabar ma'aikatan Abbott, Peta Credlin, ta yi a ofis. Plots and Prayers na 2019 ya ɗauko juyin Agustan 2018, lokacin da Scott Morrison ya doke Peter Dutton da 45 da 40 ya gaji Turnbull. Bulldozed na 2022 kuwa kan mulkin Morrison ne, har da ma'aikatu biyar da ya sa aka naɗa shi a kansu a asirce.

Salonta shi ne yi wa ministoci da ma'aikatan ofis tambayoyi tun abin yana da zafi, ta kuma matsa su yarda a ambaci sunansu. Sanin da ta yi wa ofisoshin daga ciki ya sa take gane wa ya kira wa, da ƙarfe nawa, da wanda ke ƙirga ƙuri'u a ɓoye.

Suka

An fi sukarta kan littafin 2016, saboda ba ta tuntuɓi Abbott ko Credlin don jin ta bakinsu ba kafin a buga, alhali jin ɓangare biyu ƙa'ida ce ta farko a aikin jarida. Masu sukar sun kuma nuna cewa mijinta tsohon ma'aikacin Liberal ne da ya yi aiki a ofishin Turnbull. Sukar tana da makama, ko da yake shaidu da yawa a littafin sun yi magana ne da sunayensu. A 2021 ta bar The Australian, bayan jaridar ta ba Credlin shafin sharhi, ta koma rubuta wa The Age da The Sydney Morning Herald. Tana kuma cikin masu fashin baƙi a shirin Insiders na tashar ABC.