Ginin kara: ajiye kabon a cikin bangon gida

Ginin kara wata hanyar gini ce da ake danne karan alkama, sha'ir ko tattakar shinkafa da inji, a ɗaure shi dami-dami mai kusurwa huɗu, sannan a cusa shi cikin bango ko rufi domin ya tare zafi da sanyi. Da can rashin katako ne ya sa mutane suka fara, yanzu kuwa abin da ya dawo da shi kasuwa shi ne maganar sauyin yanayi, wato ana ganin gidan zai zama ma'ajiyar kabon.

Yadda abin yake shi ne, shuka tana zuƙar iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya, lokacin da take girma ta gina jikinta da ita, kuma kashi 40 cikin 100 ko fiye na busasshen kara kabon ne zalla. Idan aka lissafa, kilo ɗaya na kara yana riƙe da abin da ya kai kusan kilo ɗaya da rabi na iskar kabon. To idan aka banka wa karan wuta a gona, kamar yadda ake yi a jihohin Punjab da Haryana na Indiya duk Oktoba da Nuwamba har hayaƙin ya turnuƙe birnin Delhi, kabon ɗin ya koma sama kenan nan take, idan kuma aka bar shi ya ruɓe mafi yawansa zai koma a hankali, amma in yana cikin bango a bushe to yana nan daram muddin gidan na tsaye. Ga kuma riba ta biyu, ba a ƙona makamashi wajen narka dutse ko gilashi don yin audugar bango mai tare zafi da sanyi irin ta masana'anta ba, gidan ma ba ya shan wuta sosai wajen ɗumamawa ko sanyayawa.

Asalinsa

A yankin Sandhills na jihar Nebraska a Amurka aka fara, ƙarshen ƙarni na 19 bayan an samu injin ɗaure ciyawa. Wurin babu itatuwa, ƙasar kuma yashi ce ba ta ginuwa, sai mutane suka dinga jera damman ciyawa kamar bulo. Akwai wata makaranta da aka gina haka wajen 1896 ba a yi mata yaɓe ba, labarin da ya zo shi ne shanu ne suka cinye ta. Amma cocin da aka gina a garin Arthur a 1928 har yanzu tana nan. A Faransa ma akwai gidan da injiniya Émile Feuillette ya gina a Montargis a 1920, ya haura shekara 100 kenan, shi ne hujjar da masu wannan harka suka fi kafawa duk lokacin da aka ce ai kara ba ya daɗewa.

Faransa ce dai ta fi kowa nisa, tun 2012 suke da rubutattun ƙa'idojin ginin kara da kamfanonin inshora suka yarda da su, shi ya sa har makarantu ake ginawa da shi, kuma a garin Saint-Dié-des-Vosges akwai bene mai hawa 8 na katako da kara. Amurka ta saka shi cikin kundin ƙa'idar gina gidajen zama a 2015. Yanzu kamfanoni irin su EcoCocon a masana'anta suke haɗa bangon, firam na katako cike da kara, a kawo shi a mota a ɗora da kiren, wato injin ɗaga kaya. Akwai kuma allon Stramit da aka ƙirƙiro a Suwidin a shekarun 1930, shi da zafi da matsi ake danne karan ya zama allo.

Wuta, ruwa da sauran matsaloli

Kowa ya ji zancen abin da zai fara tambaya shi ne gobara, alhali ba nan matsalar take ba. Karan da aka danne sosai babu isasshiyar iska a cikinsa, in an yaɓe shi ciki da waje sai dai ya babbake a hankali, a gwajin da aka yi a Amurka irin wannan bango ya jure wuta awa ɗaya zuwa biyu. Haɗarin yana wajen tarkacen karan da ke warwatse lokacin aiki.

Babban abokin gaba ruwa ne. In danshin karan ya wuce kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka, to fumfuna za ta kama shi ya fara ruɓewa, kabon ɗin da ake taƙama an ajiye ya sulale ya koma inda ya fito. Shi ya sa ake ɗaga tushen gini sama da ƙasa, a yi rufi mai faɗin baki, a yaɓe da laka ko farar ƙasa da ke barin danshi ya fita, siminti kuwa riƙe shi yake yi a ciki. Kuma gaskiya ajiyar nan ta wani lokaci ce, ranar da aka rushe gidan aka ƙona karan lissafi ya koma sifili, abin da har yanzu masana ke jayayya a kai kenan, ko a ƙidaya shi a matsayin kabon da aka cire ko kuwa jinkiri ne kawai.

Sannan ba ko'ina kara yake zama shara ba. Ingila ta hana ƙona shi a gona tun 1993, ana mayar da shi cikin ƙasa ya zama taki ko a shimfiɗa wa dabbobi. A ƙasar Hausa ma tattaka da kara abincin dabbobi ne da rani, da kuɗi ake saye, duk da cewa cuɗa ciyawa cikin laka da yin jinka tsohon abu ne a wajen maginanmu, kuma duk wanda zai gwada bangon dami a nan sai ya fara shawo kan gara tukuna.