Ma'anar "masta" a harkar waƙa

A zamanin kaset da faifan CD, idan aka ce masta ana nufin kwafin farko, wanda daga gare shi ake buga sauran. Mai fim ko mawaƙi kan kai shi wurin dilolin Ƙofar Wambai a Kano, a yi ciniki, su buga su baza kasuwa. Yau kaset ya ɓace, masta ta koma fayil a cikin kwamfutar situdiyo, amma kalmar tana nan, kuma nauyinta ya ƙaru. Idan lauya ko kamfanin waƙa ya tambayi wa ke da masta, tambayarsa ita ce wa ya mallaki wannan naɗin sautin, wa ke da ikon sayar da shi, ɗora shi a intanet ko hana wani taɓa shi. Kada a haɗa ta da mastarin da injiniya ke yi bayan an haɗa murya da kiɗa, wannan gyaran sauti ne kawai.

Abin da ke rikita mutane shi ne kowace waƙa da muke ji dukiya biyu ce a wurin doka. Akwai ita waƙar kanta, baitoci da karinta, wadda ta marubuci ce da wanda ya tsara karin. Sannan akwai naɗin da aka yi mata a situdiyo wata rana, da wata murya, da wani kiɗa. Na biyun shi ne masta. Waƙa ɗaya za a iya naɗa ta sau goma, a samu masta goma, kowace da mai ita, marubuci kuwa yana nan ɗaya. Ko wa'adinsu ya bambanta: a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, haƙƙin marubuci yana nan tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 ga magadansa, na naɗi kuwa shekara 50 ne.

To wa ke da masta? A al'adar wannan kasuwa, wanda ya ɗauki nauyin shirya naɗin ya biya kuɗinsa, sai fa in an rubuta wani abu daban. Nan ne mawaƙanmu ke cutuwa, kuma abin yana damuna ƙwarai. Furodusa ya kira yaro mai basira, ya biya situdiyo, ya danƙa masa 'yan kuɗi, aka rabu ana godiya. Bayan wata shida waƙa ta karaɗe gari, tana tara miliyoyin masu kallo a tashar YouTube ta furodusa, kuɗi na shiga duk wata, shi kuwa mai muryar sai suna. Kaso mafi tsoka na abin da YouTube, Audiomack, Boomplay da Spotify ke biya yana zuwa ne ga mai masta.

Ba ƙananan mawaƙa kaɗai abin ke ci ba. Taylor Swift ta Amurka ta shiga yarjejeniya da kamfanin Big Machine a 2005 tana 'yar shekara 15, kuma masta ta kundinta shida na farko ta zama ta kamfanin. A 2019 aka sayar da kamfanin kan kimanin dala miliyan 300, muryarta ta koma hannun wani ba da son ranta ba. Abin da ya cece ta shi ne ita ta rubuta waƙoƙin, dukiyar farko tana hannunta. Sai ta koma situdiyo ta sake naɗa kundi huɗu, ta fitar da su tsakanin 2021 da 2023, ta samar da sabuwar masta tata ta kanta, masoyanta suka koma wa sabon naɗin. A watan Mayun 2025 ta sanar cewa ta saye tsofaffin gaba ɗaya.

Manomi ya san bambancin sayar da gona da bayar da ita haya, kuma haka masta take. Sayarwa rabuwa ce har abada. Lasisi kuwa haya ne: kamfani ya yi kasuwanci da naɗin na shekara uku ko biyar, a raba riba, wa'adi ya cika abu ya dawo gida. A ganina duk mawaƙin da ke da halin biyan situdiyo da kansa gara ya biya, ya bayar da haya. Dokar Najeriya ma ta ce sayar da haƙƙi ko bai wa mutum ɗaya keɓantaccen lasisi ba ya tabbata sai a rubuce, saboda haka "ai mun yi magana" ba hujja ba ce ga kowa. A kula kuma da kuɗin kafin alƙalami da kamfani ke bayarwa. Yawanci sai ya cire su daga rabon mawaƙi kafin mawaƙin ya sake ganin ko sisi.

Haƙƙi yana tabbata da zarar an yi aiki, ba sai an yi rajista ba, amma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajista, takardarta kuma shaida ce ranar rigima. A Najeriya ƙungiyar kare haƙƙin waƙa ta MCSN ke karɓar wa masu waƙa kuɗi daga gidajen rediyo, otal da makamantansu, a Nijar kuma hukumar kare haƙƙin mallaka ta BNDA ke wannan aiki.

Kafin a bar situdiyo, a zauna a rubuta takarda ɗaya: sunan waƙa, kwanan wata, wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, wa ya biya, kaso nawa kowa ke da shi, an sallami 'yan amshi ko suna da rabo, kowa ya sa hannu. Mawaƙi ya karɓi fayil ɗin asali, ba wanda aka matse aka turo ta WhatsApp ba, ya kuma tabbatar da sunan wa aka buɗe asusun da za a ɗora waƙar, domin can kuɗin za su faɗa.