Wayar Gida Marar Igiya a Kan Layin Intanet

Wayar gida marar igiya tarho ce mai sassa biyu: mazauni wanda ake jona shi da layi da wutar lantarki, da kuma kan waya wanda ake ɗauka a zaga da shi cikin gida, yana magana da mazauninsa ta hanyar rediyo. Idan aka haɗa mazaunin da intanet a maimakon tsohon layin tagulla, muryar mai magana takan koma lambobi, a rarraba ta ƙunshi-ƙunshi, ta bi hanyar da sauran bayanai ke bi. Wannan tsari shi ake kira VoIP.

Tarihi

Ana danganta ƙirƙirar wayar da wani Ba'amurke, George Sweigert, wanda ya sami takardar mallakar fasaharta a 1969, kodayake ba ta yaɗu a gidaje ba sai wajajen farkon shekarun 1980. Wayoyin wancan lokaci suna aiki a ƙaramin zangon rediyo, kamar megahaz (ma'aunin zangon rediyo) 46 zuwa 49 a Amurka, kuma muryar na fita a fili ba tare da kariya ba, har maƙwabci mai irin wayar kan tsinci hirar gidan da ke kusa da shi. An magance yawancin wannan aibi da tsarin DECT na wayar gida marar igiya, wanda ETSI, hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ta fitar a 1992, mai aiki a megahaz 1880 zuwa 1900. Kira ta intanet kuwa ya fara isa hannun jama'a a 1995 da manhajar kamfanin VocalTec, sannan aka wallafa SIP, ƙa'idar ƙulla kira ta intanet, a 1999, wadda a kanta galibin layukan yau suke tafiya.

A Najeriya labarin ya bi wata hanya dabam. Kamfanin tarho na gwamnati, NITEL, wanda aka kafa a 1985, shi kaɗai ke riƙe da layukan ƙasa, kuma an ƙiyasta cewa layukan da ke aiki a duk ƙasar ba su wuce kimanin 400,000 ba kafin zuwan wayar salula a watan Agustan 2001. Mai neman layi yakan jira watanni ko shekaru, shi ya sa ɗan kasuwar Agege ko Idi-Araba da ke son jin labarin kayansa daga Kano yakan dogara da tarhon wani attajiri ko na shagon buga waya, ko ya ba direban babbar mota saƙo. Daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni irin su Multi-Links da Starcomms sun kawo wayar tebur mai eriya wadda ba ta buƙatar igiyar ƙasa, ta kuma karɓu sosai a shagunan Legas kafin wayar salula ta danne ta. Mutane da yawa sukan rikita ta da wayar da ake bayani a nan, alhali waccan tana magana ne da turken kamfani kai tsaye. Abin da ya buɗe wa layin intanet hanya shi ne igiyoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a gaɓar Legas, musamman MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010 da Equiano da ta sauka a 2022.

Yadda ake haɗawa

Hanyoyi biyu ne. Mai tsohuwar waya yakan sayi ƙaramin akwati da ake kira ATA, irin na Grandstream ko Cisco, ya jona igiyar mazaunin a ƙaramar kafarsa, ya jona shi kansa akwatin da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, sannan a shigar da sunan asusu da kalmar sirri da kamfanin layi ya bayar. Akwatin ne ke samar da ƙarar da ake ji idan an ɗaga waya, shi ke kuma sa ta yi ruri. Hanya ta biyu ita ce sayen waya wadda mazauninta ke da kafar intanet tun daga masana'anta, kamar wasu samfuran Gigaset da Yealink. Mazauni ɗaya yakan ɗauki kan waya har shida ko fiye, yana kaiwa kimanin mita 50 a cikin gini da mita 300 a fili, amma rufin siminti da ke tsakanin hawa-hawan gidan bene yakan rage wannan tazara ƙwarai.

Kira ɗaya ba ya cin fiye da kilobit 100 a daƙiƙa. Jinkiri ne ya fi ɓata shi, domin idan murya ta wuce kimanin milisakan 150 kafin ta isa, masu magana sukan riƙa katse juna.

Wuta da sauran matsaloli

Tsohon layin ƙasa yana samun wutarsa daga ofishin tarho, don haka yana aiki ko an ɗauke wuta. A sabon tsari kuwa rauta da akwati da mazauni kowanne sai an ba shi wuta, kuma da zarar ɗaya ya mutu layin ya tafi, ko da batirin kan wayar a cike yake. Saboda haka masu amfani da shi a Legas suke ɗora na'urorin uku a kan inbata ko ƙaramin batirin ajiya, domin 'yan mintocin da ake ɗauka kafin a tada janareta sun isa su yanke ciniki a tsakiya. Yankewar igiyoyin teku a ranar 14 ga Maris 2024 ta nuna cewa intanet ɗin ma kan tsaya, don haka wayar salula ta fi zama abin dogaro wajen kiran gaggawa a 112 ko 767.

Mai sayen ta gwanjo a kasuwar Computer Village da ke Ikeja ya kamata ya duba abu biyu. Wayar da aka ƙera don Amurka cajarta kan zo da bolt 120, wutar Najeriya kuwa 230 ce. Sannan mai alamar DECT 6.0 tana aiki a megahaz 1920 zuwa 1930, zangon da ya shiga cikin na wayar salula ta 3G.

Doka

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke ba da lasisi da lambobi, kuma daga Janairun 2024 lambar layukan girke na Legas ta koma 0201 daga 01. An yi taƙaddama wajajen 2017 da 2018 kan masu ɓad da kiran ƙasashen waje ya fito da lambar gida, hukumar ta haramta hakan.

Amfani a yau

An fi samunta a ofisoshi, asibitoci, otal-otal da manyan shaguna.