Malamin da Zai Tafi Koyarwa Saudiyya: Wane Gari Zai Zauna?

Malamanmu na lissafi da kimiyya da Turanci, da malaman jami'a masu digiri na uku, suna ƙara samun kiran aiki daga Saudiyya. Yawancinsu idan takardar ta iso, abu biyu suke dubawa: nawa ne albashi, kuma yaya nisan wurin da Harami. Duka biyun abin dubawa ne, amma ba su isa a yanke hukunci da su ba. Ga tambayoyin da suka fi yawa a bakin masu shirin tafiya, da amsoshin da nake ganin za su amfane su.

Wai malami ne ke zaɓen gari, ko kuwa inda aka kai shi nan zai zauna?

Ya danganta da wanda ya ɗauke ka. Idan makaranta ce guda ɗaya ko jami'a ta ba ka aiki kai tsaye, garin da take nan ne garinka, zaɓinka kuwa yana tsakanin karɓa da ƙi. Amma akwai kamfanonin da ke kwasar malamai su raba su ga jami'o'i, musamman don shekarar share fage inda ake koyar da Turanci da lissafi. Irin waɗannan sukan rubuta a yarjejeniya cewa za ka yi aiki "a cikin Masarauta", ba tare da sunan gari ba. Mutum ya sa hannu yana tunanin Jidda, ya sauka a ce masa Ha'il, ko Tabuk, ko Najran.

Su ma jami'o'in gwamnati suna da rassa. Jami'a tana iya ɗauke da sunan babban birni, kwalejin da za a tura ka kuwa tana wani ƙaramin gari mai tafiyar awa biyu a mota. Don haka, Malam, kafin komai ka nemi a rubuta sunan gari da sunan harabar makarantar a takardar da za ka sa wa hannu. Alkawarin baki na ɗan kamasho ba ya shiga kotun ma'aikata.

Ashe ba Makka ko Madina ya kamata Musulmi ya fara nema ba?

Babu Bahaushen da zai ji an ce aiki a Makka zuciyarsa ba ta motsa ba, kuma wannan buri ne mai kyau da ba na son a raina shi. Akwai Jami'ar Ummul Ƙura a Makka, akwai Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961, wadda malamanmu da yawa suka yi karatu a cikinta, akwai kuma Jami'ar Ɗaiba. Wanda Allah ya ba gurbi a ɗaya daga cikinsu ya samu babban rabo.

Sai dai zama daban, ziyara daban. Alhajin da ya yi sati huɗu a Misfala bai san Makka ta ma'aikaci ba. Ma'aikaci yana da aji da sassafe, yana da takardun jarrabawa, kuma gidan da zai iya biya yana nesa da Harami. A Ramadan da lokacin Hajji hanyoyi sukan cushe, zirga-zirga ta yi wuya. Makka tana cikin garuruwan da suka fi zafi a ƙasar, ba ta ma samun sanyin hunturu irin na Riyad. Makarantun ƙasa da ƙasa da ke koyarwa da Turanci ba su da yawa a can in an kwatanta da Jidda ko Riyad, kuma wannan ya shafi gurbin aikinka da karatun 'ya'yanka a lokaci guda.

Madina ta fi natsuwa, rayuwa ta fi sauƙi, mutane da yawa masu iyali sun fi jin daɗinta. Kuma tun da aka buɗe jirgin ƙasa na Haramaini a 2018, wanda ya haɗa Makka da Jidda da Madina a tsawon kimanin kilomita 450, kusanci da Harami ya daina zama na mazauna garuruwan biyu kaɗai. A tuna kuma cewa zama a Makka ba ya ba mutum damar yin Hajji duk shekara: mai iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, sai da izini, kuma ƙa'idar ita ce sau ɗaya a shekara biyar. Abokan aikinmu da ba Musulmi ba kuwa, ba a ba su izinin shiga Makka, don haka wannan tambayar ba ta hau kansu ba.

An ce Riyad ce ta fi biya. Gaskiya ne?

Sau da yawa haka ne. Can ne fadar mulki, can ne Jami'ar Sarki Sa'ud da aka kafa a 1957, da Jami'ar Gimbiya Nura ta mata, da makarantu masu zaman kansu barkatai. Guraben aiki sun fi yawa, kuma wanda ke son ci gaba a sana'ar koyarwa, daga malamin aji zuwa shugaban sashe, ya fi samun ƙofa a can.

Amma kuɗin haya ya cinye bambancin ga mutane da yawa. Birni ne mai kimanin mutum miliyan bakwai, ana ta kwararowa cikinsa saboda manyan ayyuka da shirin baje kolin duniya na 2030. Haya ta yi ta hauhawa har a watan Satumba na 2025 gwamnati ta ba da umarnin dakatar da ƙarin kuɗin haya a birnin na tsawon shekara biyar. Umarnin ya tsayar da ƙari, bai dawo da farashi baya ba. A wuraren aiki da dama kuɗin gida kashi ɗaya cikin huɗu ne na albashin asali, kuma a arewacin Riyad, inda makarantu masu kyau suka taru, wannan ba ya kama gidan iyali. Sai mutum ya koma kudanci ko gabashin gari, ya riƙa ɓata awa guda ko fiye a cunkoso safe da yamma.

Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a Disamba 2024, mai layi shida da tsawon kilomita 176, ya sauƙaƙa wa wanda gidansa da makarantarsa ke kusa da tasha. Ga wanda ba su kusa, mota ce dole. Ni a ganina Riyad ta dace da wanda makaranta ta ba gida da kanta, ko gwauron da zai haɗa gida da abokan aiki. Mai mata da 'ya'ya uku da aka ba kuɗi a hannu aka ce je ka nemi gida, ya yi lissafi sau biyu.

To yaya ake wannan lissafin?

Albashi a Saudiyya babu harajin kuɗin shiga a kansa, kuma riyal yana ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986, shi ya sa abin da ka tara ba ya narkewa a hannunka. Wannan gaskiya ne a kowane gari. Abin da ke bambanta garuruwa shi ne abin da ke fita.

Ka rubuta albashin, sannan ka cire haya, wadda yawanci ake biya ta shekara ko ta wata shida a dunƙule. Ka cire kuɗin mota da mai. Ka cire kuɗin makarantar yara, domin makarantun gwamnati da Larabci suke koyarwa, kuma mafi yawan baƙi makarantun kuɗi suke kai 'ya'yansu. Idan kamfani ko makaranta mai zaman kanta ce ta ɗauke ka, akwai kuɗin da ake biya a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarka, riyal 400 a wata tun 2020. Mace ɗaya da 'ya'ya uku riyal 1,600 ke nan duk wata, 19,200 a shekara, kafin a sayi ko buhun shinkafa. Ga kuma harajin sayayya na kashi 15 cikin ɗari. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne albashinka na gaskiya, kuma da shi za ka gwada gari da gari. Sau da yawa malamin da ke karɓar kuɗi kaɗan a ƙaramin gari, makaranta ta ba shi gida da motar kai da komo, ya fi na Riyad aika kuɗi gida.

Jidda fa? An ce Hausawa sun cika ta.

Tarihin Hausawa a Hijaz ya daɗe. Akwai zuriyar alhazan da suka bi ta ƙasa ta Chadi da Sudan suka tsallaka teku, suka zauna a Makka da Jidda da Madina, wasunsu 'yan ƙasa ne tun kakanni. Don haka a Jidda ba za ka yi kewar jin Hausa ba, kuma za ka samu daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya. Ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya yana can, babban ofishin kuma a Riyad, abin da ke da amfani ranar da fasfo ya ƙare ko aka yi haihuwa. Jiragen da ke tasowa daga Kano kai tsaye ma Jidda da Madina suka fi nufa. Makka kuwa tafiyar kimanin awa guda ce a mota, mutum zai iya yin Umra ranar Juma'a ko Asabar, ranakun hutun mako, ya kwana a gidansa.

Abu biyu zan ja hankali a kai. Na farko, tsofaffin unguwanni da dama na kudanci da tsakiyar Jidda, inda baƙi 'yan Afirka suka daɗe, an rushe su daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, mutane suka watsu, haya kuma ta tashi a sauran unguwanni. Labarin da kawunka ya ba ka na Jiddar da ya sani shekara goma sha biyar da suka wuce ba lallai ya yi aiki yau ba. Na biyu, cikin jama'armu akwai waɗanda takardunsu ba su cika ba. Malami mai iƙama ya yi zumunci, ya taimaka ta hanyar da doka ta yarda, amma ya sani ba da masauki ko aiki ga wanda ba shi da takarda laifi ne mai tara da kora.

Zafin Jidda kuma na gumi ne saboda teku. Wanda ya tashi a Sakkwato ko Zinder zai fi gane zafin Riyad, busasshe, da sanyin Disamba da Janairu mai kama da tsakiyar hunturu.

Ba a cika ambaton Dammam da garuruwan gabas ba. Me ya sa?

Don sun yi nisa da Harami, hankalinmu ba ya zuwa can. Amma ga malamin kimiyya da lissafi da fasaha, yankin ya cancanci a duba shi da kyau. Dammam da Khobar da Dahran a manne suke, can ne hedikwatar kamfanin mai na Aramco da Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai. Jubail garin masana'antu ne da aka tsara shi da kwalejojin fasaha, haka ma Yanbu, sai dai ita tana yamma ne, a gaɓar Bahar Maliya, ba ta da nisa da Madina. Cunkoso bai kai na Riyad ba, makarantun yara na Turanci suna da yawa saboda yawan baƙin ma'aikata. Daga gabas, Umra dai sai an hau jirgi ko an yi doguwar tafiya.

Ƙananan garuruwa irin su Abha da Ɗa'ifa fa?

Abha tana kan tsauni sama da mita 2,000, iskarta mai sanyi ko a tsakiyar bazara. Ɗa'ifa ma kan dutse take, kuma kusa da Makka, don haka ta haɗa abu biyu da mutanenmu ke so. Haya da sauƙi a irin waɗannan garuruwa, kuma mutum yana koyon Larabci da sauri don dole ce ta sa. Abin da ke wahalarwa shi ne kaɗaici, da ƙarancin makarantun Turanci, da rashin aikin da matar gida mai ilimi za ta nema. Jazan da Najran suna bakin iyakar Yaman, inda Saudiyya ta shiga yaƙi a 2015, don haka a tambayi mazauna can halin da ake ciki kafin a kai iyali.

Ni mace ce, zan tafi ni kaɗai. Shawarar ɗaya ce?

Malama, lissafin kuɗin ɗaya ne, amma ki ƙara nauyi a kan gida da abin hawa. Tun Yuni 2018 mata suna tuƙi, kuma akwai motocin haya na waya irin su Uber da Careem a manyan birane, sai dai kuɗinsu kullum yana taruwa. Makarantar da ke ba malamai mata gida a wuri guda, da motar da ke kai su ta dawo da su, ta fi wadda ta ƙara miki kuɗi kaɗan ta bar ki da neman gida. Ki nemi a haɗa ki da wata malama da ke aiki a wurin yanzu, ki tambaye ta ko ana biyan albashi a kan lokaci, da ko fasfonta yana hannunta, domin doka ta hana mai aiki riƙe fasfon ma'aikaci.

Idan na je garin bai karɓe ni ba, zan iya sauyawa?

Za ka iya, amma da tsada. Tun Maris 2021 ma'aikacin kamfani mai zaman kansa yana iya komawa wani wurin aiki ta manhajar Qiwa bayan ya cika shekara guda, bisa wasu sharuɗɗa, ba sai da yardar kafili ba, wato mai aikin da ya ɗauki nauyin zamansa. Sai dai kuɗin sallama yana tafiya da daɗewa: rabin albashin wata a kan kowace shekara a biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan. Wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara biyu ba ya samun komai daga ciki, daga biyu zuwa biyar kuma kashi ɗaya cikin uku yake samu. Ga hayar da aka riga aka biya, ga yara da za a cire daga makaranta a tsakiyar zango. Saboda haka mai iyali ya fi kyau ya fara tafiya shi kaɗai, ya ga gari da makaranta na wasu watanni, ya kama gida kusa da wurin aiki, sannan ya nema wa uwargida da yara biza.