Mafi ƙarancin zubin kanel a manhajojin buɗaɗɗen tushe

Mafi ƙarancin zubin kanel shi ne mafi tsufan zubin da masu rubuta wata manhaja suka yarda za su ci gaba da ɗaukar nauyinsa. Kanel shi ne ɓangaren babbar manhaja da ke tsakanin na'ura da sauran manhajoji. Shi ke raba ma'adana, ya tafiyar da faifai da hanyar sadarwa. Idan manhaja ta nemi wani aiki da tsohon kanel bai san da shi ba, ko dai ta ƙi tashi, ko ta tsaya cak ana cikin aiki. An fi yin muhawarar inda za a sa wannan iyaka a kan kanel ɗin Linux, inda kowa ke zama a kan zubin da ya ga dama.

Tarihi

Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Da alama tun shekarun farko ya riƙe ƙa'idar cewa sabon kanel ba zai lalata manhajar da ke aiki a kan tsoho ba. Sai dai alkawarin gefe ɗaya ne, domin ba wanda ya ce sabuwar manhaja za ta yi aiki a kan tsohon kanel. Kowace manhaja ita ke shata wa kanta iyaka.

Wani zubin da ya daɗe a matsayin wannan iyaka shi ne 2.6.32, wanda ya fito a Disamba 2009. Ba don ya fi saura kyau ba, sai don manyan manhajojin Red Hat Enterprise Linux 6 da Debian 6 da Ubuntu 10.04 duk a kansa aka gina su, kuma manyan kamfanoni ba sa gaggawar sauya uwar garke, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima. Rumbun glibc, wanda yawancin manhajojin Linux ke dogara da shi, ya bar 2.6.32 gaba ɗaya a zubinsa na 2.26 a 2017, ya koma kanel 3.2. Harshen rubuta manhaja na Rust ya bi sahu da zubinsa na 1.64 a Satumba 2022. Harshen Go bai yi haka ba sai a zubinsa na 1.24, a Fabrairu 2025, duk da cewa da fari kanel 3.17 aka ba da shawara. Shi kuwa 3.2 ɗin tun Janairu 2012 ya fito, wato ya shekara 13 kafin Go ya mai da shi iyakarsa.

Yadda ake yankewa

Galibi ba shekarun kanel ake dubawa ba, sai wanda har yanzu ke riƙe da shi. CentOS 7, wata babbar manhajar Linux, a kan kanel 3.10 yake, kuma sai 30 ga Yuni 2024 aka daina kula da shi, don haka manhajoji da yawa suka daure har zuwa lokacin. A ɗaya ɓangaren akwai wahalar masu gyara: kiran getrandom, wato hanyar da manhaja ke neman kanel ya ba ta lambobin da ba a iya hasashensu, a 3.17 ya shigo a 2014, kuma duk mai tallafa wa abin da ya gabace shi dole ya ajiye hanya ta biyu wadda ba kasafai ake gwada ta ba.

Lambar zubi ma takan yaudari mutum. Kamfanin Red Hat kan ɗauko sababbin ayyuka ya dasa a tsohon kanel ba tare da sauya lamba ba. Shi ya sa ƙwararru suka fi son a gwada kiran kai tsaye, in kanel ya amsa da ENOSYS, wato bai san kiran ba, a bi wata hanya.

Saɓani

Wasu na ganin ɗaga iyaka watsi ne da marasa hali. Wasu kuma na cewa kanel ɗin da aka daina toshe wa ɓaraka bai kamata a taya kowa zama a kansa ba.

A Kebbi da Zamfara

Tsofaffin kwamfutocin hannu da ake sayarwa a shagunan Gusau da Birnin Kebbi ba su ne abin damuwa ba, domin yawancinsu na karɓar sabon Linux. Matsalar tana ga na'urorin da mai su ba ya iya sauya musu kanel: wayoyin Android, na'urorin raba intanet, da wasu injinan POS, waɗanda galibi ke ƙare rayuwarsu a kan zubin da suka zo da shi daga masana'anta.