Waiwaye: Hiram Revels da gardamar shekara tara

Ranar 25 ga Fabrairu 1870 benen 'yan kallo na Majalisar Dattawan Amurka ya cika maƙil, ana jiran a ga ko za a rantsar da Hiram Revels, baƙar fata na farko da aka zaɓa sanata, daga jihar Mississippi. Kafin a kai ga rantsuwar sai da aka kwana biyu ana kai ruwa rana.

'Yan jam'iyyar Democrat suka kafe a kan tsarin mulki, wanda ya ce sai mutum ya shekara tara yana ɗan ƙasa kafin ya zama sanata. A cewarsu, hukuncin Kotun Ƙoli na 1857 a shari'ar Dred Scott ya hana baƙaƙe zama 'yan ƙasa, sai gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulkin a 1868 ya ba su, ke nan Revels shekararsa biyu kacal. Ga mutumin da aka haifa ɗa a Fayetteville ta North Carolina a 1827, bai taɓa zama bawa ba, amma ana ƙirga masa 'yancinsa da yatsu. Aka kaɗa ƙuri'a, 48 suka amince a rantsar da shi, 8 suka ƙi.

Asalinsa limamin coci ne. An taɓa ɗaure shi a Missouri a 1854 saboda yi wa baƙaƙe wa'azi, lokacin yaƙin basasa kuma ya taimaka wajen tara musu rundunoni. A wancan zamani majalisar jiha ce ke zaɓen sanata, kuma an ce addu'ar buɗe zama da ya yi a majalisar Mississippi ce ta sa idon 'yan majalisar ya faɗa kansa.

Shekara ɗaya kawai ya yi a kujerar. Jawabinsa na farko a kan 'yan majalisar Georgia baƙaƙe ne da aka kora, yana neman a mayar da su. Sai dai mutum ne mai sanyin hali, har ya goyi bayan a yafe wa tsofaffin 'yan tawayen Kudu. A ganina nan ya yi kyakkyawan zato fiye da kima, domin da mulkin Mississippi ya koma hannun Democrat a 1875, baƙaƙe aka fara turewa gefe, tsarin mulkin jihar na 1890 kuma ya ƙwace wa mafi yawansu ƙuri'a.

Revels ya koma shugabancin kwalejin Alcorn, ya rasu a 1901. Blanche Bruce, shi ma baƙar fata, ya wakilci Mississippi a Majalisar Dattawan daga 1875 zuwa 1881, daga nan ba a sake ganin baƙar fata a zauren ba sai 1967, da Edward Brooke ya zo daga Massachusetts.